Tonon tsofaffin kwalabe a kangayen Yamai: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka shiga rushe gidajen ƙasa na tsakiyar Yamai ana ɗora benaye, masu haƙar tushen gini suke cin karo da kwalaben da ba su yi kama da na yanzu ba. Wani ya jefar, wani ya kai wa iyalinsa a zuba mai. Ga kuma samarin da suka ga bidiyon Turawa masu tonon kwalba a waya, suka saɓa diga suka nufi kangon kakanninsu. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu sha'awar abin.

Wai me ake nema a tsohuwar kwalba? Ba shara ba ce?

Shara ce, kuma amfaninta ke nan. Takardun zamanin Faransa sun adana sunayen gwamnoni da yawan harajin da aka tara, amma babu akawun da ya zauna ya rubuta irin turaren da amaryar Zongo ta shafa a 1940, ko maganin da maigida ya sayo ranar da masassara ta kayar da ɗansa. Juji ne ya riƙe wannan labarin. Ƙwarya ta ruɓe, gara ta cinye tabarma, gwangwani ya yi tsatsa ya bi ƙasa, gilashi kuwa yana nan da sunan kamfani da sunan gari a jikinsa. Wanda ya iya karanta shi zai gane ta wace hanya kaya suke shigowa garin nan, da wanda yake da kuɗin sayensu.

Kwalaben da ake samu a Yamai za su kai shekara nawa?

Kada a sa rai da shekara ɗari uku. Yamai ƙananan ƙauyukan bakin kogi ce lokacin da Faransawa suka kafa bariki a farkon shekarun 1900. A 1911 aka mai da hedikwata Damagaram, sai a 1926 aka yanke shawarar dawo da ita Yamai. Ko a 1960, shekarar samun ƴancin kai, mutanen garin ba su wuce wajen dubu 30 ba. Saboda haka mafi yawan abin da ƙasa take bayarwa na tsakanin 1930 ne da 1980. Kwalbar da ta girmi yaƙin duniya na farko a garin nan abar a tsaya a duba da kyau ce.

Nisa ma ya taka rawa. Duk kwalbar da ta iso nan kafin a fara cika lemo a gida ta hau jirgin ruwa, galibi daga Marsai, Bordo ko Libaful, ta sauka a bakin teku, sannan ta kamo hanyar tudu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, na Kwatano kuma bai isa Paraku ba sai 1936. Daga can sai mota, jaki, raƙumi ko kwalekwale ta Gaya. Manyan kantuna irin su CFAO da SCOA ne suke shigo da kaya da yawa, fatake kuma suna kawo na Ingila ta Kano da Sakkwato. Shi ya sa a juji ɗaya za ka ga kwalba mai rubutun Faransanci kwance kusa da mai rubutun Ingilishi.

Me ya sa a bidiyo mutum yake fitar da kwalba ɗari daga rami ɗaya, mu kuwa sai fasassu?

Domin su zubar da kwalba suke yi, mu kuwa ba ma zubarwa. A Amurka da Ingila masana'antar gilashi tana kusa, kwalba ba ta da tsada, in ta ƙare a wurga ta salgar bayan gida ko ramin shara. A nan kwalba dukiya ce. Wadda ta shigo da giyar kwamanda, kuku ne zai ɗauke ta ya sayar. Ta koma ta kananzir, ko ta man gyaɗa a Ƙaramar Kasuwa, ko ta zuma, ko ta man shanu, ko malam ya zuba rubutun sha. Har yau ma'aunin mai sayar da fetur a bakin titi kwalbar lita ce. Da aka kafa kamfanin lemo da giya na BRANIGER a ƙarshen shekarun 1960 kuwa, kwalbar Youki da ta sauran lemo sai da ajiyar kuɗi ake fita da ita, ko a kawo fanko a karɓi cikakkiya. Wa zai binne kuɗinsa?

Ko fashewa ba ta raba kwalba da aiki. Ana kafa ɓaraguzanta a kan katanga don ɓarayi, masassaƙa suna kankare ƙota da ita, a Bida ta ƙasar Nufe kuma masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga sun daɗe suna narkar da kwalabe su yi duwatsun wuya da ƙarau.

Abin da ya fi tsira lafiya ƙalau shi ne ƙananan da ba su da wani amfani na biyu: na turare, na magani, na tawada, da ƴan kwalaben man shafawa masu faɗin baki. Su suke sulalewa cikin shara ba a kula ba. Babbar kwalba wadda ba ta fashe ba, in an same ta, galibi daga jujin gidajen Turawa ne ko na soja, inda abin ya fi ƙarfin masu kwasa.

Akwai darasi ɗaya a nan da sabon shiga yake mantawa: ranar da aka ƙera kwalba daban, ranar da ta shiga ƙasa daban. A gidan Bahaushe tsakaninsu zai iya kai shekara talatin.

To, ina ya kamata a duba?

Bayan gida, ba tsakar gida ba, don tsakar gida kullum a share take. A nemi inda juji yake, da gindin tsohuwar katanga, da kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini aka dawo aka cike shi da shara shekara da shekaru. Alamarsa ƙasa baƙa mai laushi, gauraye da toka, gawayi, ƙasusuwa da katangar tukunya. Ƙasar da ba a taɓa ba launinta ɗaya ne, kuma da tauri.

Tsarin garin ma yana nuna hanya. Faransawa sun zauna a Filato, mutanen gari a ɗaya gefen, kwarin Gunti Yena ya raba su. Kayan da ake samu a ɓangaren Filato na kantin Turawa ne, na Zongo, Kale, Mawrai da Gandace kuwa na kasuwa ne. Tsohuwar unguwar Gawai an tashe ta aka gina otal da zauren taro a wurin, ƙasarta ta riga ta tafi ƙarƙashin kankare.

Amma taswira mafi kyau tsohuwar gidan ce. Ka zauna ka gaishe ta, ka ce, "Inna, da kuna yara ina ake zubar da shara?" Za ta nuna maka wurin da yatsa, ta ƙara maka da wanda ya zauna a ɗakin kudu, da shekarar da aka rufe rijiya. Rabin sa'a a gabanta ya fi yini guda kana sara a banza.

Wanda ba ya son tono sam, ya jira bayan ruwan sama ya bi gefen zaizayar ƙasa, ko ya ƙulla zumunci da magina. Su suke juya ƙasar da ta fi ta kowa yawa.

Yaya ake bambanta wadda aka busa da baki da wadda inji ya yi?

Ɗaga ta ka duba ta a haske. A gefenta akwai wani siririn layi, sawun inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Bi shi da farce daga gindi zuwa sama. In ya hau har kan leɓe, aikin inji ne. In ya ɓace a wuya, bakin kuma ya ɗan karkace ko ka ga alamar an murza shi, to mutum ne ya busa ta cikin mazubi, ya gyara bakin da hannu. Injin da yake yin kwalba shi kaɗai daga farko har ƙarshe Michael Owens ne ya fito da shi a Amurka a 1903. A Faransa kuma Claude Boucher na garin Konyak ya ƙera wani mai buƙatar hannun ma'aikaci tun shekarun 1890. Sai dai inji bai kori masu busa rana ɗaya ba, ƙananan masana'antu sun ci gaba da aikin hannu har bayan 1920.

Sai ka juya gindin. Tabo mai kaifi a tsakiya, inda aka karye sandar ƙarfen da aka riƙe ta da ita, alamar tsufa ce sosai, galibi kafin 1860, kuma da wuya ka gamu da ita a Yamai. Zurfin gindin kwalbar inabi ba ya nuna komai, har gobe haka ake yin su. Ƴan ɗige-ɗige da aka jera a ƙasan kwalba lambar mazubi ce da na'ura take karantawa, wannan ta jiya-jiya ce. Haka mai ɗauke da 75 cl da ƙaramin harafin e, ba ta girmi shekarun 1970 ba.

Bakin ma yana magana. Murfin ƙarfe mai haƙora irin na lemo William Painter ya ƙirƙiro shi a 1892, don haka kwalbar da aka yi wa baki dominsa ba za ta girmi wannan shekara ba. Murfi mai murɗawa bai yaɗu ba sai daga shekarun 1920 zuwa 1930. Rubutun fenti da aka gasa a jikin gilashi ya fara a tsakiyar shekarun 1930. Kwalbar Coca-Cola mai ƙugu kuma a 1915 aka yi rajistar siffarta, amma wadda za ka tono a nan ƙanwar ƙanwarta ce.

Abu biyu suke ruɗar mutane. Na farko, kwalbar da ba ta da layi ko kaɗan: ba lallai ta fi sauran tsufa ba, domin daga wajen 1880 zuwa shekarun 1910 ana juya kwalaben inabi cikin mazubi tun suna da zafi, layin ya goge, sai dai ka ga wasu zobba marasa ƙarfi kewaye da jikinta. Na biyu, ƙwayoyin iska a cikin gilashi: suna ƙara zato, ba sa yanke hukunci. Kada a dogara da alama ɗaya. A haɗa uku ko huɗu, in sun yi baki ɗaya sannan a faɗi shekara.

Na tsinci ɓallin gilashi mai launin shuni-shuni a fili. Fenti ne?

Rana ce ta rina shi. Yashin da ake narkawa da soda da farar ƙasa yana ɗauke da ɗan ƙarfe, shi yake sa gilashi ya yi kore-kore. Don su samu fari tas, masu masana'anta suna zuba manganis, musamman daga shekarun 1880 zuwa yaƙin duniya na farko. In irin wannan gilashi ya daɗe a rana sai ya juya ya koma shuni. Ranar ƙasar nan kuwa ba ta wasa da aikinta. Ɓalli irin wannan a kango alama ce mai kyau cewa wurin ya kai a tsaya.

Kore mai duhu har ya yi kamar baƙi na giya ne da inabi. Shuɗi mai kauri galibi na magani ne ko guba. Fari kamar madara na man shafawa ne, irin su mantaleta.

Waɗanne sunaye aka fi gani a jikinsu?

A ɓangaren Turawa: Perrier da Vichy, don ba su yarda da ruwan kogi ba, giya irin su Pernod, Picon da Dubonnet, da Ricqlès, ruwan na'ana'ar da ake ɗigawa a ruwan sha ko kan sukari, wanda ake yi tun 1838. Kwalaben kinin ma ba sa ƙarewa, tunda kowane ma'aikacin mulkin mallaka da shi yake kare kansa daga zazzaɓin sauro. Kusa da tsohuwar lakwal ko ofis za ka ga na tawada, irin su Waterman, da ƴan fararen kofunan tangaran da ake sakawa a ramin teburin ɗalibi.

A ɓangaren gari sarauniyar ita ce Bintu Sudan. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da turaren a 1920, na mai ne ba barasa a ciki, abin da ya sa ya karɓu a ƙasashen Musulmi, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Da wuya a tona jujin gidan da aka yi aure a ciki ba a samu ƴar kwalbarsa ba. Matsalarta ɗaya: takardar jikinta ta riga ta ruɓe, siffarta kuma ba ta canza sosai ba, sai abin da aka same ta tare da shi ne zai faɗi zamaninta.

Kalmar Déposé da ake gani a gindin wasu ba sunan kamfani ba ce, tana nufin an yi rajistar samfurin.

Kwalba mai kusurwa huɗu, kore, mai faɗin kafaɗa da tsukakken gindi fa?

Ta barasar da ake kira jin ce daga Holan, yawanci garin Shidam ko Rotadam, kuma an yi ta haka don ta zauna daidai cikin akwatin katako. Sunaye irin su J. H. Henkes da A. van Hoboken suna fitowa a jikinsu. A bakin tekun Afirka ta Yamma an shigo da su ba iyaka a ƙarni na 19, har ana ciniki da su kamar kuɗi. Nan arewa ba su da yawa, domin yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, Ingilishi kuma suka sa Arewacin Najeriya cikin wannan hani. Wadda ta iso Yamai wataƙila fanko ta zo, cikin kayan wani ɗan ci-rani da ya dawo daga Kumasi ko Ankara, ko wani falke ya cika ta da wani abu daban. In ka samu wadda ba ta fashe ba ka riƙe ta hannu bibbiyu.

Kangon ba kowa a ciki. Sai na nemi izini?

Babu kangon da ba shi da mai shi. A Yamai ma, inda fili ya zama zinariya, yawancin kangayen tsakiyar gari gado ne da ba a raba ba, magada goma sha suna hararar juna a kai. Baƙo ya shigo da diga, kowannensu zai ɗauka ɗan'uwansa ne ya turo shi. Ka fara da babban gidan, ka faɗa masa gaskiya: "Baba, tsofaffin kwalabe nake nema a jujin baya, duk abin da na samu zan kawo ka gani, ramin kuma zan mayar." Sannan ku je wurin mai unguwa tare, a gaishe shi, ya san da zancen.

Ka sani ba za a yarda da kai nan take ba. Tun da aka yi rububin zinariyar Jado a 2014, duk wanda aka gani yana tono ana ɗauka ya ji ƙamshin wani abu. Waɗansu kuma za su ce asiri ka zo binnewa. Maganin wannan shi ne aiki da rana tsaka, a gaban ɗan gidan, buhunka a buɗe. Kusa da barikin soja ko ginin gwamnati kuwa, ko tsohon jujin ya kai me, ka bar shi.

Me doka ta ce?

Dokar da ta shafi wannan ita ce mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, kan kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. A taƙaice, tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukuma, kuma wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ba da niyya ba, wajibi ne ya sanar. Tsintar kwalbar Youki a jujin gidanku ba shi ne abin da ya tayar da hankalin masu doka ba, amma iyakar ba ta da nisa. Da zarar diga ta fito da tukunya cikakkiya, mutum-mutumin yumɓu, kayan tagulla, tarin duwatsun wuya ko ƙashin mutum, a ajiye kayan aiki. A sanar da mai unguwa, a nemi cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni ko gidan tarihi na Bubu Hama, wanda yake nan tun 1959.

Kufan daji, wato tsofaffin garuruwan da aka tashi, a bar su gaba ɗaya. Mun ga abin da ya faru da kufan Bura, a yankin Tera. An gano wurin a 1975, masanin tarihi Bube Gado ya yi tonon ilimi a 1983, da labarin ya isa Turai sai ƴan kasuwa suka sa talakawa suka bi maƙabartun yankin suna farfasawa, har kayan Bura suka shiga jerin kayan Afirka da aka yi gargaɗin ana sacewa a shekarar 2000. Mutum-mutumin suna can a ɗakunan masu kuɗi, amma wa ya yi su, a wane zurfi suke, da me aka binne su, wannan ya tafi har abada. Mai neman kwalba ba ya son a sa shi sahu ɗaya da waɗannan.

Na tono kwalba a toshe, da takarda da allurai a ciki. In buɗe?

A'a. Binne laya cikin kwalba, ƙaho ko tukunya tsohon abu ne a gidajenmu, wani don tsari, wani don akasin haka. Ko ka yarda da tasirinsa ko ba ka yarda ba, sirrin gidan mutane ne, kuma sunan da yake cikin takardar zai iya zama na wanda jikokinsa suke zaune a maƙwabta. Kira mai gidan a gefe ka nuna masa, shi ya san malamin da zai kai wa. Kada a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Irin wannan yana raba zumuncin shekara hamsin.

Haka in ka ga alamar kabari, don wasu tsofaffin gidaje an yi binne a cikinsu. A mayar da ƙasa, a yi addu'a, a tashi.

Wane haɗari ne ya fi girma?

Ruftawar ƙasa. Turawan bidiyo suna shiga tsofaffin salgogi, kada ka kwaikwaye su. Ƙasar Yamai yashi ne a wurare da yawa, ba ta gargaɗi kafin ta zubo, tsohuwar salga ko rijiyar da aka rufe da itace kuma tana iya buɗewa ƙarƙashin ƙafarka. A ƙasan irin wannan rami iskar ma ba ta numfasuwa. Ramin da ya wuce ƙugu ya isa, kuma ba a tona ƙarƙashin katanga ko a yi kogo a gefen rami. Kada mutum ya je shi kaɗai.

Bayan wannan sai kububuwa da kunama, masu son tarin tubali da inuwar kango. Juya komai da sanda kafin hannu. Yankan ƙarfe mai tsatsa ko fasasshen gilashi yana iya kawo tetanos mai sarƙe haƙora, a tabbata an yi allurar rigakafi, a sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe. A tambayi inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi.

Wane kayan aiki ake buƙata, kuma yaya ake tonon?

Ba su da yawa: felu, ƙaramar fartanya, cokalin magina, rariya, bokiti, da tsofaffin tsummoki na naɗewa. Siririn rodi mai tsawon mita ɗaya yana taimakawa: a soka shi a hankali, ƙasar juji tana karɓarsa da sauƙi, in ya taɓa gilashi kuma hannu yana ji. Diga ta ɓare saman ƙasa ce kawai. Da an ga toka da ɓallin farko, a koma cokali. Yawancin kwalaben da ake kuka a kansu ba a fashe aka same su ba, mai tonon ne ya sare su.

A riƙa sauka kaɗan-kaɗan, ana kallon abin da yake canzawa. Sama leda ce da robar ruwa. Ƙasa da ita batura, murafun lemo da kwanon sha mai fenti. In leda ta ɗauke gaba ɗaya, ka shiga zamanin da kake nema. Duk ƙasar da ta fito a tace ta, saboda kuɗin ƙarfe. Sefa a Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta, kuma tsabar da take ɗauke da shekara tana gaya maka cewa ƙasar da take ciki ba ta girme ta ba. Wuri, ko anini mai huda na Ingilishi, yana nuna ka sauka sosai. In kwalba ta leƙo, kada a fizge ta ta wuya. A share kewayenta har ta saki da kanta.

Wane lokaci ne ya fi?

Bayan damina zuwa cikin sanyi, daga Oktoba zuwa Janairu. Ƙasa ba ta jiƙe ba, ba ta kuma ƙeƙashe ba. A watan Afrilu ko kwalbar zinariya ce a bar ta.

Yaya ake wanke ta?

Da haƙuri. Kwalbar da ta shekara sittin cikin sanyin ƙasa, in ka ajiye ta a rana ko ka zuba mata ruwan zafi, sai ka ji ƙas, ta tsage. Naɗe ta, ka bar ta kwana ɗaya a ɗaki. Sannan a jiƙa ta kwana biyu ko uku a ruwan da ba zafi ba sanyi, da ɗan sabulu. Cikin kuma a zuba ɗanyar shinkafa da ruwa a girgiza. Farin dattin da ya manne ruwan lemun tsami yana cire shi. Ban da soson ƙarfe. In akwai saurar takarda a jiki, kada ruwa ya taɓa ta.

Wani hazo fari ko walƙiya mai launin bakan gizo ba datti ba ne, ƙasa ce ta ci fatar gilashin. Ba ya fita da wanki, kuma a ganina bai kamata a so ya fita ba.

In da sauran abu a ciki fa?

Kada a shinshina, kada a ɗanɗana. Magungunan da suna ɗauke da sinadarai irin su makuri da asanik, ma'aikatan dabbobi na zamanin Turawa kuma suna amfani da guba mai ƙarfi don kashe kuraye da diloli. Kwalba mai gurza-gurza a jiki, ko mai kusurwa shida, ko mai hoton ƙoƙon kai, an yi ta haka ne don hannu ya gane guba ce ko da a duhu. A bar ta a toshe, nesa da yara. Kuma duk kwalbar da ta fito daga ƙasa ta gama aikin abinci, komai wankin da aka yi mata.

Ya halatta in ajiye kwalbar giya a ɗakina?

Wannan ta malaminka ce. Abin da kowa ya sani shi ne iyayenmu sun shekara da shekaru suna wanke irinsu suna zuba mai.

Nawa ake sayensu?

Wanda ya shigo don kuɗi gara ya koma. A Yamai babu kasuwar masu tara kwalba. A kasuwar Katako kwalba kwalba ce, farashinta na abin da za ta iya ɗauka ne. Farashin da ake gani a intanet na wasu nau'o'i ne ƙalilan na Amurka da Ingila, marasa ko ƙwarzane, waɗanda masu tarawa na can suke rububi. Perrier da Pernod an yi su miliyoyi, a Faransa ma ba su da wata daraja. Ga kuɗin aikawa, ga fashewa a hanya, ga dokar fitar da kayan tarihi.

A yi hattara da masu kira a waya su ce akwai Bature mai sayen tsohuwar kwalba ko dutsen guga da miliyoyi, amma sai an biya jika kaza na gwaji. Damfara ce, ƴar uwar ta jan makurin da aka ce yana cikin tsohon keken ɗinki.

To me zan yi da abin da na tara?

Sayi littafi tun kafin ka sayi felu. Kowace kwalba a ba ta lamba a ƴar takarda a ɗaura mata a wuya, a rubuta unguwa, gidan wa, zurfin da aka same ta, abin da yake kusa da ita, da abin da tsofaffin gidan suka faɗa. A ɗauki hotonta tana cikin ƙasa kafin a cire. Ƴar kwalbar Bintu Sudan ita kaɗai ba ta fi dala biyar ba, amma wadda aka san ta fito daga jujin gidan wani mahauci a Zongo, tare da tsabar 1948 da kwalbar kinin, shaida ce da ɗalibin tarihi zai iya aiki da ita. Ka ba masu gidan zaɓin farko, sau da yawa ɗaya kawai za su ɗauka don tunawa da kakarsu. Malaman tarihi na makarantu ma suna murna da irin wannan kyauta.

Fasassun fa, a zubar?

Gindi da baki da duk ɓallin da yake da rubutu a ajiye su, don su ne suke ɗauke da alamun shekara. Sauran a mayar can ƙasan ramin, a bi su da ƙasa, a daddaɓe sosai, a dawo bayan ruwan farko a ƙara cikawa in wurin ya lotsa. Yaran unguwa ba takalmi suke wasa a kangaye, awaki ma nan suke kwana.